Aljihun da Na Ɗinke

Al-Sih, Madina
Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga ɗana Madani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Ruƙayya da jikata, 'yar ƙawata Hanan. Allah Ya ɗaga ku lafiya, Ya sauke ku lafiya, Ya tsare ku a hanyar nan ta Kano zuwa Gusau wadda ko sunanta na ji sai gabana ya faɗi.

Na cusa takardar a jakar hannunka ƙarƙashin ledar dabino, don na san ba za ka kai rabin tafiya ba sai ka nemi dabinon. Da gangan na rubuta ta da Hausa. Na san za ka sha wuya, kana bin layi da yatsa kana motsa baki kamar ɗan aji ɗaya, kuma haka nake so. Da a ce da Larabci na rubuta, da ka haɗiye ta a zama guda ka ce "Tayyib, ya Ummi," yadda kake yi wa duk maganata, shi ke nan an wuce wurin.

Shekaranjiya da rana ina kicin ina tuƙa tuwo, kana falo ka sa waya a sifika kuna gardama da abokinka Sani, wanda kuka yi horon aikin ɗan sanda tare. Kun ɗauka ba na ji, ko kuma kun ɗauka tsohuwar nas ba ta san komai ba sai allura. Sani yana cewa shi ba zai yi yawo da ƙaramar bindigarsa da harsashi a baki ba, gara harsasan su zauna a gidansu, in abu ya taso ya ja ya ɗana. Kai kuwa ka yi dariya ka ce, "Ya akhi, wanda ya zo kashe ka tsayawa zai yi ka ɗana? Bindigar da ba a ɗane take ba ai dutse kake ɗauke da shi."

Muciya ta suɓuce daga hannuna. Ba don maganar baƙuwa ce a kunnena ba. Maganata ce, Madani. Ni na fara faɗinta a gidanmu tun ba a haife ka ba, kuma kusan haka na jera ta.

Na leƙo na ce, "Me ka ce?" Ka dafe wayar da tafin hannu ka ce, "La tikhafi, ya Ummi, maganar shugul ce kawai." Kada in ji tsoro, wai maganar aiki ce. Ba ka lura ba, amma babanka da ke zaune bakin taga da carbi ya miƙe, ya sa takalmi, ya ce zai tafi Harami, alhali ba a ko kusa kiran salla ba. Bai ci tuwon ba.

Ka san kana da wa, ka san ya rasu yana ƙarami a Kaduna, ka san harbin kuskure ne. Gwaggonka ta gaya maka wannan a dunƙule lokacin da ka je gida karatu. Amma ba ka taɓa jin sa daga bakin wanda yake tsaye a wurin ba. Babanka ba zai faɗa ba har ya koma ga Allah, ni kuma in na kalli fuskarka harshena ɗaurewa yake yi. Saboda haka ga alƙalami.

A lokacin muna zaune a Tudun Wada. Ina aikin jinya, babanka ɗan sandan ciki ne, irin aikin da aka ba ka yanzu: ba kaki, sai kaftani da hula, in ka gan shi a kasuwa ka ce ɗan tireda ne. Kada ka auna shi da dattijon nan mai shiru da ka sani. Mutum ne mai surutu da tsokana, in ya shigo layi tun daga kwana ake jin dariyarsa. Kuma a wancan lokacin ra'ayinsa irin na Sani ne, ba ya barin harsashi a baki.

Yana da aboki, Sajan Ɗanladi, wanda ya mai da gidanmu gidan cin abincinsa. Zai cika miyar kuka da yaji har hawaye ya zubo masa, sannan ya ce ni ce na yi ganganci. Wata rana da tsakar rana suka je tashar mota kama wani mutum. Babanka ya riƙe wuyan hannun mutumin da hagu, sai abokin mutumin ya ɓullo ta bayan wata bas da bindiga. Babanka ya zaro tasa da dama, ya danna kunama, shiru. Irin bindigar nan sai ka sa hannu biyu ka ja samanta baya kafin harsashi ya hau. Kafin ya saki wanda ya riƙe ya ja, Ɗanladi yana ƙasa. Ni na wanke kaftanin da babanka ya dawo da shi. Na saba da jini a wurin aiki, amma ban saba da jinin wanda ya ci tuwona jiya ba.

Da muka je ta'aziyya na ga matar Ɗanladi zaune a tabarma da tsohon ciki, ba ta kuka, tana ta kallon ƙofa. A hanyar dawowa na ce wa babanka, "Daga yau kada ka sake fita da ita ba a ɗane ba. In ba haka ba gara ka ɗauki dutse." Ya ce, "Akwai yaro a gidan nan fa." Na ce, "To maraya kake so yaron ya zama?" Washegari na ji ƙarar ƙarfen a ɗaki kafin ya fita, ƙas-ƙas, har na ji sanyi a raina.

Ka ga kuskurena na farko. Na yanke hukunci a ranar tsoro, kuma na yanke wa wani, na ɗaure shi da maganar da ba namijin da zai iya amsa ta. Don haka ina gaya maka, ranar da aka kashe wani a gabanka, kuma a aikin nan za a kashe, kada ka sauya yadda kake riƙe makami a cikin makon nan. Bari jini ya sauka daga idonka tukuna. Kuma kada ka karɓi shawarar makami daga bakin mai sonka, ko Ruƙayya ce, ko ni. Mai sonka kai kaɗai yake hange, ba ya ganin wanda ke tsaye kusa da kai.

Na biyu ya fi wannan wauta, shi ya sa ya fi ci mini rai. An ba babanka kube na fata da ake ɗaurawa a ƙugu, mai rufe kunama ruf. To amma kaftani ba a yi shi don kube ba. Abin yana turo riga, mai ido ya gane, ga zafin bazara yana sa masa ƙuraje a kwiɓi, ga shi kafin ka kai hannu sai ka yaye riga har ciki. Yana ta mita. Ni da iyayina na ce, "Me zai hana ka sa ta a aljihu?" Na kwashi kaftanansa na kai wa tela, na ce ya zurfafa aljihun dama ya ninka masa yadi don kada nauyi ya yaga shi. Tela ya tambaye ni ko maigida goro yake sarowa, muka yi dariya. Na dawo gida ina jin kaina mace mai dabara. Kuben nan kuwa ya ƙare a saman kwaba, ƙura ta rufe shi.

Na ga sababbin kaftanan da Malam Abakar, telan nan ɗan Chadi na bayan masallacinmu, ya ɗinka maka. Da kuka fita sallama na zazzage akwatin na zura hannu a kowane aljihu, har gwiwar hannu suke shigewa. Ban san ko kai ka ce ya yi haka ba, ko hannunsa ne. Ba na so in sani. Abin da na sani, bindiga ba ta zama a aljihu, ko da harsashi a baki ko babu. Aljihu wurin makulli ne da hankici da carbi, wurin da hannu yake shiga ba tare da ya yi shawara da kai ba. In kube ya dame ka, ya dame ka. In ya yi maka ƙuraje, Ruƙayya ta shafa maka hoda. In aikin ya ƙi kaftani, ka sa riga da wando, ba wanda ya taɓa mutuwa don an ce ya yi shigar 'yan boko. Kuma kada ka ce mini kai kana da kula. Babanka ya fi ka kula nesa ba kusa ba, mutumin da ko reza ba ya bari a bakin taga.

Yanzu ga abin da ya haɗa su. Ka san al'adarmu, uba ba ya shigowa gida hannu rabbana. Yaro ya ji sallama, ya ruga da "oyoyo Baba," ya rungume ƙafa, ya zura hannu a aljihu ya lalubo rabonsa. Haka na yi wa ubana, haka babanka ya yi wa nasa. Wanka kuwa ya fi kowa iya wannan. Yaro ne mai kumatu da wushirya, bai kai shiga makaranta ba, kuma alawar madara ce ransa. Sai muka kafa doka: ƙarfe a dama, tsaraba a hagu. Bayan wannan, babanka in ya dawo zai yi gyaran murya a zaure, in riƙe yaron a tsakar gida, ya wuce ɗaki ya cire harsashi ya kulle bindiga a akwati, sannan ya fito ya buɗe hannuwa ya ce, "To, a zo a yi mini fashi."

Dokar ta yi aiki, shi ne abin da ya cuce mu. Da ta daɗe tana aiki sai muka daina jin nauyinta. Yau ina wanka, yaro ya tare shi a zaure, ba abin da ya faru. Gobe ya tare shi a ƙofar gida, ba abin da ya faru. Sannu a hankali har ya koyi zuwa bakin kwana ya tsaya jiransa, maƙwabta suna cewa kai, wannan yaro da son ubansa. Mu kuma muka sauƙaƙa wa kanmu, muka ce ai mun koya masa hagu. Muna ce masa, "Ina hagu?" ya ɗaga hannu, mu tafa masa. Ba wanda ya tsaya ya yi tunani a cikinmu cewa in yaro ya fuskanci ubansa, hagunsa yana kan damar uban ne. Da ma abin da ke tsare shi kawai shi ne babanka yana juya masa gefen alawar tun kafin ya iso.

Ka riƙe wannan, Madani. Ba ranar tashin hankali doka take lalacewa ba, a ranakun lafiya take zaizayewa, ranakun da aka karya ta kuma ba abin da ya faru. Duk ranar da ka shigo gida da ita a ɗane don ka gaji, ka kwana lafiya, kada ka ce Allah Ya kiyaye ka wuce. Ka ji tsoron wannan ranar fiye da ranar da aka yi harbi.

Ranar Juma'a ce. Daga wurin aiki babanka ya wuce masallaci, don haka tana jikinsa. An sauko, layi cike da mutane da fararen kaya, rana tana tsaka. Ina bakin ƙofa ina kakkaɓe tabarma. Na hango shi ya tsaya yana gaisawa da wani dattijo maƙwabcinmu, ya ba shi hannu biyu yadda ake yi wa manya, ya ɗan rusuna. Yaran layi suka ruga suna oyoyo, don duk yana ba su. Wanka yana gaba. Na ga inda ya nufa, na ga hannuwan babanka duka biyu suna cikin na dattijon, na ga bai juya ba. Na gane tun kafin ya isa. Akwai lokaci, Madani. Kullum ina auna tazarar nan a raina, akwai lokacin da kira ɗaya zai tsayar da shi.

Kai a Madina aka haife ka, ka tashi kana jin matan Larabawa suna kiran 'ya'yansu da suna tun daga bene, har a kira uwa da sunan ɗanta na fari, ita kuma tana jin daɗi. Mu ba haka aka yi mana tarbiyya ba. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Alkunya ke nan, kuma ni na iya ta har ana misali da ni. Surukata tana cewa, "Ga 'yar boko amma ta fi na ƙauye kunya." Tun ranar suna ban taɓa furta sunan yaron nan ba. In zan kira shi sai in ce "kai," in zan yi maganarsa in ce "yaron nan." In ya faɗi a gaban baƙi sai in kau da kai, wata ta ɗaga shi, cikina yana ƙuna.

Na buɗe baki, sunan bai zo ba. Yana cikin kaina, amma bakina bai san hanyarsa ba. Abin da ya fito shi ne, "Kai! Kai yaro!" Yara suka waiwayo, kusan dukansu, kowa yana zaton da shi nake. Ban da shi. Ya zura hannu. Babanka ya ji taɓi a gefen da bai kamata ba, ya fizge hannunsa ya damƙo aljihun, daidai lokacin da yaron yake jawo abin da ya kama zuwa sama.

Ƙarar ba ta kai yadda nake zato ba. Na isa kafin kowa, na danna inda aka koya mini in danna, na yi duk abin da nake yi wa 'ya'yan mutane. Idon yaron a buɗe yana kallona, da mamaki, ina jin don bai saba ganina kusa haka a gaban jama'a ba. Kafin a sami mota ya cika. Da aka cire wa babanka kaftanin, alawar madarar tana nan a hagu cikin takardarta.

An yi bincike, aka ce tsautsayi ne. Har yau ba mu san yatsan wa ya taɓa kunamar ba, na yaron ko na uban. Babanka ya tambaye ni sau ɗaya, a cikin kwanakin zaman makoki, ya ce, "Ke da kike kallo, me kika gani?" Na ce ban gani ba, kuma gaskiya na faɗa. Na sha yin tunanin da na yi masa ƙarya na ce na yaron ne, ko da ya sami abin riƙewa. Bai sake tambaya ba, ya ajiye aiki.

Hanan 'yar fari ce. Ruƙayya a nan ta tashi, tana kiran 'yarta da suna, tana sumbatarta a gaban kowa. In kun isa gida, gwaggonninka za su sa ta a gaba, za su ce matar Madani ba ta da kunya, Larabawa sun ɓata ta. Yarinya ce mai son a yabe ta, za ta fara jin nauyi. Ka tsaya mata. Ka ce ni, surukarta, na ce ta kira sunan 'yarta da ƙarfi, safe da yamma, har ya zama in ta kira, yarinyar tana tsayawa cak ko da gudu take yi. Wanda bai ji daɗi ba a ba shi lambata.

Saura kuskure ɗaya, shi ne wanda ya taɓa ka kai tsaye. Da na sami aikin asibiti a Madina muka ɗauka mun sami magani. Muka ce garin Manzo ne, zuciya za ta huce. Garin bai rage mu da komai ba, amma abin da muka zo da shi a ƙirji bai tsaya a filin jirgi ba. Ranar da na saya wa babanka jallabiyarsa ta farko, ya juya ta, ya miƙo mini ya ce, "Ki ɗinke su." Na ɗinke aljihun duka biyu. Tun daga ranar duk rigar da ta shigo gidan nan tasa sai ta bi ta hannuna, katin iƙamarsa na zaman ƙasa da makulli kuwa a 'yar jakar wuya yake rataye su. Ya sami zama a shagon nan na Bi'ir Ali, miƙatin da ake ɗaura niyya, yana miƙa wa alhazai harami, yana nuna wa 'yan gida yadda ake ɗaurawa. Wani lokaci ina cewa a raina ya zaɓi wurin ne don yini yake cikin mutanen da tufarsu ba ta da aljihu.

Sai aka haife ka, muka rufe bakinmu. Kana ƙarami ka taɓa dawowa daga wasa ka ce mini, "Ummi, Baba bakhil ne? Baban Haisam kullum sai ya tsaya a baƙala ya sayo masa abu." Marowaci, ka ce da mutumin da yaran layi guda suke yi wa oyoyo. Yana jin ka daga ɗaki. Na ce ka yi shiru, ban gaya maka dalili ba. Da salla aka ba ka bindigar roba, na karɓe na jefa a shara, ka yi kuka har ka shiɗe, nan ma ban gaya maka dalili ba. Mun ɗauka in ba mu ambaci abin ba, ba zai san hanyar gidanmu ba. Sai ga shi ka girma kana ganin uba mai sanyi da uwa mai hana abu ba hujja, ka je gida karatu, ka ji ana ba da labarin jarumtar babanka a da, ka dawo ka ce aikinsa za ka yi. Ya dube ka ya ce, "Allah Ya sa alheri." Ni na san abin da kalmomin nan suka ci masa. Da mun zaunar da kai tun kana saurayi mun gaya maka, wataƙila da yanzu kana kantin magani kana ƙorafin tsayuwa. Kada ka yi wa Hanan shiru irin namu. In ta yi wayo ka nuna mata akwatin, ka gaya mata abin da ke ciki da abin da yake yi.

To, a ɗane ko ba a ɗane ba? Na san shi kake jira, don ka ce Ummi ta goyi bayan Sani. Ba ni da amsa. Na ga an bar baki wofi, an binne Ɗanladi. Na ga an sa harsashi, na binne ɗana. Duk wanda ya gaya maka ɗaya daga ciki lafiya ce, bai wanke kaftani ba tukuna. A bakin aiki ka bi abin da waɗanda suka horar da kai suka ce, su suka san irin bindigar da suka ba ka. Iyakata ƙofar gida. Kafin ka shigo layinku, ba zaure ba, layi, ka tabbata ba komai a bakinta kuma tana cikin kube. In ka shiga, akwati da makulli kafin ka cire takalmi, kafin ruwa, kafin gaisuwa. Na roƙe ka ka bar mini Hanan a nan ka ƙi, kuma ka yi daidai, 'ya ba ta tashi nesa da iyayenta don tsoron kaka.

Ba zan yaudare ka ba, ban yi imani takardar nan za ta yi aiki ba. Za ka karanta, idonka ya yi ja, ka rantse a ranka. Za ka kiyaye wata da watanni. Sannan wata rana za a kashe wani abokinka a hanyar daji, ko ka dawo a gajiye, ko a yi baƙi a ƙofar gida, ka ce yau kaɗai. Mu ma mutanen kirki ne, muna salla, muna son ɗanmu, mun kafa doka. Ban ga abin da kuka fi mu da shi ba, shi ya sa ko na yi addu'a a Harami nake fitowa da nauyin da na shiga da shi. Allah Ya yafe mini wannan.

Jiya da yamma babanka ya dawo daga Bi'ir Ali, Hanan ta ruga ta rungume ƙafarsa. Ina kallo ta lalubi gefen jallabiyar, hannunta ya zame. Ta zagaya ɗaya gefen, nan ma ya zame. Ta ɗaga kai ta ce, "Jaddi, fen jebak? Ina aljihunka?" Ya ce, "Kakarki ta ɓoye shi." Ta tura baki, ta sake shi, ta nufo ka kana tsaye kana danna waya. Ba ta ko dube ka ba, ta zura hannu har kafaɗa ta zaro cakulan, kai kuma ka yi dariya ba ka ɗaga ido daga wayar ba. Aljihun dama ne. Na dubi babanka, na ga ya dafa bango.

Yau bayan asuba na ɗauko allura na zauna da kaftananka. Na ɗinke aljihun shuɗin nan, na kai rabin na biyu, sai na tsaya. Na tuna yaron da ya tambaye ni ko ubansa marowaci ne. Na warware zaren duka, in ka duba za ka ga sawun allura. Aljihunka na Hanan ne, dama da hagu, ta riga ta karɓe su. Ka cika mata su, ka nemar wa ƙarfen wani wuri.

Allah Ya tsare ka daga hannun mugu, Ya tsare mutane daga hannunka, Ya tsare gidanka daga abin da kake ɗauke da shi. Allah Ya raya Hanan, Ya sa ita za ta binne ku ba ku za ku binne ta ba. Ka gai da Ruƙayya, ka gai da gwaggonninka. Babanka bai san na rubuta ba, amma da ya ga allura a hannuna da safe ya ce in ce maka ka riƙa kira.

In aiki ya kai ka Kaduna, ka shiga maƙabartar Tudun Wada. Ba za ka gane kabarin ba, ba mu sa alama ba, ƙasa kuma ta daɗe da shafe shi. Ka tsaya ko'ina ta wajen ƙananan, ka yi masa addu'a, ka ambaci sunansa da ƙarfi yadda zai ji. Kabiru. Ga shi na rubuta, na kuma faɗa a fili ni kaɗai a ɗaki, ba abin da ya same ni. Ashe bai fi ƙarfin bakina ba.

Wassalam.

Ni ce,
Umminka, uwar Kabiru